Masu Kiwon Bakteriya a Cikin Duro

A ƙauyukan jihar Andhra Pradesh da ke kudu maso gabashin Indiya akwai wata sana'a da jarinta bai wuce duro ɗaya da sanda da saniya a turke ba. Masu yin ta, da yawansu mata, kiwo suke yi, sai dai abin da suke kiwon ido ba ya ganinsa. Bakteriya ce da sauran ƙananan halittun da ke zaune a cikin ƙasa. Za a ɗebo su kaɗan, a ba su abinci da ruwa da inuwa, su hayayyafa cikin kwana biyu ko uku, sannan a kai su gona a zuba. Ruwan da ake samu sunansa jiwamirit. Wasu gonarsu kawai suke yi wa. Wasu kuwa sun mai da abin hanyar cin abinci, suna haɗawa suna sayar wa maƙwabtan da ba su da saniya ko ba su da sukunin yi.

Mu dai da an ce bakteriya sai hankalinmu ya tafi ga kwalara da taifot. Alhali masu sa cuta 'yan kaɗan ne a cikin dangin. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana iya ɗaukar bakteriya har biliyan ɗaya, kuma su ne ke ruɓar da ganye da kara da kashin dabbobi su mai da su abincin da saiwa za ta iya sha. Wasu suna narkar da sinadarin fosfaras da ya ƙulle a jikin ƙasa. Wasu kuma suna kamo naitirojin daga iska, wato sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya, ga shi kuwa kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, to gidan bakteriyar ke nan. A fasa ɗaya da farce. In cikinsa ya yi ja-ja, masu gidan suna bakin aiki. Wasu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana wannan a 1886, kuma a 1888 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya ware ƙwayar ya rene ta ita kaɗai. Manoman Indiya ba su da madubin ganin ƙwayoyi, amma abin da suke yi a gindin bishiya reno ne shi ma.

Aikin yana farawa tun kafin gari ya waye, domin fitsarin saniya shi ne mai wuyar samu. Saniya takan yi fitsari da zarar ta miƙe daga kwance da asuba, don haka mai sana'ar takan tsaya da bokiti tana jira. Wadda ta ɗan samu hali sai ta dafe turken da siminti, ta karkatar da daɓen zuwa wani ɗan kwalbati, fitsarin ya gangara da kansa cikin randar da aka binne. Fitsari ko ya kwana biyu ba laifi, har ma an fi son wanda ya jima. Kashi kuwa sai ɗanye na ranar, wanda rana ba ta taɓa ba.

Ma'aunin eka ɗaya kowa ya haddace shi: ruwa lita 200, kashin saniya kilo 10, fitsari lita 5 zuwa 10, mazarƙwaila kilo 2, garin wake kilo 2, sai ƙasa cikin tafin hannu ɗaya. Ba kowace ƙasa ba. Ana ɗebo ta ne daga iyakar gona inda takin zamani da maganin feshi ba su taɓa sauka ba, ko daga gindin tsohuwar bishiya inda ganye ya shekara da shekaru yana zuba yana ruɓewa. Za ta fara dama kashin da fitsarin a bokiti har ya zama babu gudaji, ta jiƙa mazarƙwailar daban ta narke, ta kaɗa garin waken da ruwa don kada ya cure, sannan ta juye su duka a duron roba ko kwatarniyar siminti. Ƙasar ce ƙarshen shiga. Sai ta sa doguwar sanda ta juya, ta rufe bakin da buhun algarara, ta bar shi a inuwa.

Kowane ɗaya da aikinsa. Mazarƙwaila ita ce ke ba ƙwayoyin ƙarfi, garin wake na gina musu jiki, fitsari na kawo naitirojin da gishiri-gishiri, kashi na zuwa da tarin ƙwayoyin da ke cikin tumbin saniya. Wannan 'yar ƙasa kuwa matsayinta ɗaya da ludayin kindirmon jiya da ake zubawa a madarar yau: ita ce iri. Inda mazarƙwaila ta yi tsada, sukan sa ruwan rake, ko ayaba da mangwaron da suka nuna suka lunguɓe.

Daga nan sai jira da kulawa, kuma a nan ne ake gane gwani. Safe da yamma za a buɗe a juya na 'yan mintoci domin iska ta shiga. Malaman abin sun dage sai an juya ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Ni dai ban ga abin da zai dami bakteriya da dama ko hagu ba, iskar ce abin nema. Da an kwana ɗaya kumfa za ta fara tasowa, in ka kasa kunne za ka ji duron yana 'yar ƙara. A rana ta biyu ko ta uku warin turke ya lafa, wani tsami-tsami mai ɗan zaƙi ya maye gurbinsa. To ya nuna. In ana sanyi yakan ƙara kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa aka buɗe aka ji ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan ya yi baƙi ƙirin, ai ruwa ba ya tsami banza: ko an rufe bakin da leda iska ta kasa shiga, ko an yi sakaci da juyawa, ko rana ta dake shi. Wani lokaci laifin ruwan famfo ne mai kilorin, wanda dama don kashe ƙwayoyi aka zuba masa shi, shi ya sa suka fi son ruwan rijiya. Duron da aka taɓa haɗa maganin ƙwari a ciki kuwa ba a ma kusantar da shi.

Abu mai rai ba ya ajiyuwa. Daga ranar da ya nuna, mako ɗaya gare shi. Bayan nan abincin ya ƙare, ƙwayoyin sun fara mutuwa. Ana sakin sa ne a bakin hanyar ruwa lokacin ban-ruwa ya bi ya shiga fangali-fangali, ko a yayyafa a gindin shuka da yamma sa'ad da ƙasa ke da laima, sau ɗaya ko biyu a wata. Mai son feshi a ganye sai ya tace da ƙyalle sau biyu, in ba haka ba bakin famfon ya toshe, sannan ya sirka lita 5 zuwa 10 a ruwa lita 100.

Wannan gajeren rai shi ya tsara yadda kasuwar take. Ba kaya ba ne da za a jibge a shago ana jiran mai saye, sai dai manomi ya faɗi ranar da zai yi ban-ruwa, a haɗa masa, ya zo da jarkokinsa. Abin da ke zama a shago shi ne busasshensa, wanda suke kira gana jiwamirit: kashin shanu kilo 100, a cuɗa da mazarƙwaila da garin wake da 'yar ƙasa, a yayyafa fitsari, a tara a rufe kwana biyu, sannan a shanya a inuwa a marmashe. Wannan yana kai wata shida a buhu, kuma shi ne abokin mai noman damina da ba shi da ruwan da zai ɗauki na duro. Akwai kuma bijamirit na wanke iri kafin shuka, wanda ake ƙulle kashi kilo 5 a tsumma a rataya cikin ruwa lita 20 ya kwana, a ƙara fitsari lita 5 da farar ƙasa giram 50. Yana isar iri kilo 100. Ga kuma jiƙon ganyen darbejiya da fitsari na korar ƙwari, da wani mai zafi da ake dafawa da barkono da tafarnuwa da ganyen taba. Mai shago ɗaya takan iya duka.

Mutumin da ya tsara wannan ma'auni ya kuma yaɗa shi sunansa Subhash Palekar. An haife shi a 1949 a ƙauyen Belora da ke yankin Vidarbha na jihar Maharashtra, yankin da ya yi ƙaurin suna wajen manoman auduga da bashi ke sa su kashe kansu. Ya karanta aikin gona, ya dawo gonar mahaifinsa a 1972 yana bin abin da aka koya masa. A cewarsa amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 1985, daga nan ya fara ja da baya duk da takin da ake ƙarawa. Tambayar da ya yi ta nanatawa ita ce, wa ke zuba wa daji taki? Ya kira tsarinsa noman da ba a kashe ko sisi, ya kafa shi a kan ƙafa huɗu: wanke iri, ruwan duro, rufe ƙasa da ciyawa ko shuka, da barin ƙasa da laima da iska maimakon cika ta da ruwa. Ya riƙa tara dubban manoma a taron bita na kwanaki, ƙungiyar manoman jihar Karnataka ta rungumi abin, a 2016 kuma gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri. A watan Yulin 2019 ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta ambaci tsarin a jawabin kasafin kuɗin ƙasa.

Amma Andhra Pradesh ce ta mai da wa'azi aiki. Tun daga 2016 wata hukumar jihar mai suna Rythu Sadhikara Samstha, ƙarƙashin jagorancin wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati, Vijay Kumar, ta bi ta ƙungiyoyin adashin mata da ke kowane ƙauye. Dabararsu ta burge ni: malamin gona ba daga ofis yake zuwa ba, manomi ne ko manomiya da aka ga gonarsa ta yi kyau, sai a biya shi ya je ya zauna a wani ƙauye ya koyar, ya kuma noma fili a can kowa na kallo. Gani ya kori ji. A 2018 jihar ta ce za ta juya manoma miliyan 6 zuwa wannan tsari kafin 2024. Ba ta kai ba, amma waɗanda suka shiga sun haura miliyan ɗaya, kuma a 2024 shirin ya kasance ɗaya daga cikin uku da suka raba kyautar Gulbenkian ta yuro miliyan ɗaya a ƙasar Fotugal. A watan Nuwamban shekarar gwamnatin tarayyar Indiya ta amince da shirin ƙasa baki ɗaya na rufi biliyan 24.8, da niyyar kai wa manoma miliyan 10 da buɗe cibiyoyi 10,000 na haɗa irin waɗannan kaya. Wato masu duro sun samu shiga takardar gwamnati.

Ba Indiya kaɗai ke da wannan hannu ba. A Koriya ta Kudu, almajiran wani malamin noma mai suna Cho Han-kyu akwatin katako suke cikawa da dafaffiyar shinkafa su binne a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a daji, bayan 'yan kwanaki su tono ta lulluɓe da farar fumfuna, su cuɗa da jan sukari mai nauyi daidai da nata su ajiye. A Japan, Farfesa Teruo Higa na Okinawa ya zuba nasa haɗin a kwalba tun shekarun 1980, ana sayarwa a ƙasashe da dama.

To, abin yana aiki? A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe alƙalaminsa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. In aka tattara abin da ke cikin kashi da fitsari da garin waken duro guda, ba zai kai rabin kilo ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka duro madadin buhu ne, ko bai yi lissafi ba ko yana da abin sayarwa. Shi kansa Palekar bai ce taki ba ne. Cewa ya yi ƙwayoyin za su farkar da ƙasa ta ciyar da kanta. Sai dai ƙasar saman eka ɗaya, zurfin santimita 15, nauyinta ya kusa tan 900, kuma tana da nata mazauna tun fil azal. Lita 200 a cikin wannan ba yawa ba ne. Baƙin da aka zuba in ba su tarar da abinci da laima ba, kwana kaɗan za su yi. Ga shi kuma mai duro bai san takamaiman wace ƙwaya ya rena ba, saɓanin irin garin NoduMax da cibiyar IITA ta Ibadan ke yi wa waken suya, wanda ƙwaya ce sananniya da aka zaɓa don aiki ɗaya.

Masana ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Majalisar masana aikin gona ta Indiya ta fito a 2019 ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta sa a yaɗa tsarin. Gwajin da cibiyoyin binciken gwamnati suka yi a arewacin ƙasar, inda ake noman alkama da shinkafar basmati da taki mai yawa, ya nuna amfanin ya faɗi ƙwarai. Wani nazari na jami'ar Aberdeen da ya fito a 2020 ya ce manomin da dama can ɗan taki kaɗan yake iya saye zai iya ƙaruwa, amma mai zuba taki sosai zai ga ragi. Masu bincike daga jami'ar Reading kuwa da suka gwada a gonakin Andhra Pradesh ba su ga amfanin ya ragu ba, kuma suka danganta yawancin nasarar da rufe ƙasa: ƙasar da aka lulluɓe ta fi sanyi, ta fi riƙe ruwa, ta fi tana. A fahimtata, duro shi ne ke jan ido, amma ciyawar da ke kwance a gindin shuka ita ke ɗauke da rabin aikin ko fiye. Haka nan maganar cewa saniya ɗaya ta isa eka 30, ko cewa kashin saniyar Turai ba ya yi sai na mai tozo, na bar wa masu ita. Ƙaunar da mabiya addinin Hindu ke yi wa saniyarsu ta shiga cikin wannan zance.

Inda ribar take ba gardama shi ne aljihu. Manomin da bai ci bashin taki da maganin feshi ba, ko da buhunansa ba su ƙaru ba, abin da ya girbe nasa ne. Sai dai sunan “ba a kashe ko sisi” ya yi zaƙi da yawa, don mazarƙwaila da wake ba kyauta ake ba da su ba, saniya tana ci, kuma tashin asuba da ɗaukar jarka aiki ne da yawanci a kan mata yake ƙarewa. Wanda kuma yake ganin za a iya yin wannan da doka rana ɗaya, ya tuna Sri Lanka: a watan Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani kwatsam, shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar. Andhra Pradesh ba ta hana kowa sayen buhu ba, lallashi ta yi, fili bayan fili.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai lura babu baƙon abu ko ɗaya a jerin kayan nan. Bunaji da Rahaji da Gudali duk masu tozo ne, dangin shanun Indiya. Mazarƙwaila ga ta a Maƙarfi, wake ga shi a kowace kasuwa, darbejiya kuwa asalinta ma daga can ta zo mana. Iyayenmu sun san darajar gayyatar Fulani su sauka a gona bayan kaka, sun san dawar da ke gindin gawo ta fi ta fili, kuma manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai takin birni gona a kan jakai. Ga mai tambayar tsarki, a mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, muddin ba ta cin ƙazanta. Amma tsarki daban, lafiya daban: ɗanyen kashin shanu yana iya ɗaukar ƙwayoyin gudawa, don haka ba a fesa wannan ruwa a kan latas ko kabeji ko tumatir da ake dab da cirewa, kuma a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Matsalarmu tana wajen rufe ƙasa. Karan dawa a wurinmu danga ne, makamashi ne, abincin dabba ne. Harawa kuwa kuɗi ce tsaba. Abin da aka bari a gona, dabbobi da gara da iskar hunturu sun gama da shi kafin ruwan farko. Gonar tudu da ta kwashe wata bakwai tsirara a rana, duro goma ba zai yi mata abin kirki ba. Inda na ga sana'ar za ta zauna shi ne lambu da fadama da noman rani da 'yan shuke-shuken bayan gida, inda akwai ruwa, akwai buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa na shimfiɗawa, ga kuma shanun huɗa da na kiwon gida a ɗaure kusa.

Wanda ke son gwadawa kada ya sa gonarsa duka. Ya fara da bokiti mai lita 20, ya raba kowane ma'auni gida goma. Ya ware fangali uku masu girma ɗaya: na farko a yi masa yadda aka saba, na biyu a rufe shi da ciyawa kawai, na uku a rufe shi a kuma riƙa ba shi ruwan bokitin duk mako biyu. Ranar girbi a auna kowanne daban, a rubuta abin da aka kashe masa, a maimaita baɗi kafin a sayi duro.